BOB MARLEY: ABIN DA YA KASHE SHI DA ABIN DA AKE FAƊA

Tun da Bob Marley ya mutu masu shirya tarihin mawaƙa a telebijin suke ta komawa kan labarinsa. Waɗansu sun tsaya kan gaskiya, waɗansu kuwa sun fi son abin da zai ja ƴan kallo. Saboda haka ya kamata a san tarihin mutumin yadda yake.

An haifi Robert Nesta Marley ran 6 ga Fabrairu 1945 a ƙauyen Nine Mile cikin tsibirin Jamaika. Ubansa Bature ne, uwarsa Cedella kuwa baƙar fata. Ya tashi a Trench Town, wata unguwar talakawa a birnin Kingston, inda a 1963 shi da Peter Tosh da Bunny Wailer suka kafa ƙungiyar da ta shahara da sunan Wailers. A 1972 suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Island, daga nan kiɗan rege ya fara bazuwa cikin duniya.

Ran 3 ga Disamba 1976, ana gab da zaɓe, waɗansu ƴan bindiga suka faɗa gidansa suka harbe shi a hannu, suka kuma raunata matarsa Rita da manajansa. Duk da haka bayan kwana biyu ya hau dandali ya yi waƙa. A 1978 ya sa Firayim Minista Michael Manley da abokin hamayyarsa Edward Seaga suka haɗa hannu gaban jama'a. A watan Afrilu 1980 ya yi wasa a bikin samun mulkin kai na Zimbabuwe.

Harin 1976 shi ne ya buɗe ƙofar jita-jita, don ba wanda kotun gwamnati ta hukunta a kansa. Wani shiri da Netflix ta fitar a 2018 ya ba da fili ga zargin cewa da hannun hukumar leƙen asirin Amurka, wato CIA, amma bai kawo hujjar da ta tabbatar ba. Akwai ma masu yaɗa cewa an ba shi kyautar takalmi da waya mai guba a ciki.

Abin da likitoci suka gano daban ne. A 1977 aka sami ciwon dajin fata a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ta dama. Da fari an ɗauka raunin ƙwallo ne. Likitoci suka ba da shawarar a yanke yatsan, ya ƙi, sai farcen da naman wurin aka cire. Ciwon ya yaɗu zuwa huhu da ƙwaƙwalwa. Ya yi wasansa na ƙarshe a Pittsburgh ran 23 ga Satumba 1980, ya yi jiyya a Jamus, ya mutu a asibitin Miami ran 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36.

Irin wannan ciwo yana fitowa a tafin ƙafa ko tafin hannu ko ƙarƙashin farce, kuma cikin ire-irensa shi ya fi kama baƙar fata. Wanda aka cika wa kunne da labarin takalmi ba zai kai baƙin tabon farcensa asibiti ba. Wannan ita ce hasarar da ƙarin gishiri yake jawowa.