Leo Fender, Akantan Da Ya Sāke Wa Jita Murya

Cikin mutanen da suka canza kiɗan zamani a ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai marigayi Leo Fender tasiri, alhali kuwa shi kansa bai taɓa iya kaɗa jita ba har ya bar duniya. Aikinsa shi ne ƙera kayan kiɗa da akwatunan ƙara sauti, watau amfilifaya, kuma a wannan fanni ne ya nuna cewa muryar jita mai aiki da lantarki ba daga tsirkiya kaɗai take fitowa ba. Irin akwatin da aka sa lasifika a ciki, da yadda aka ɗaure ta, suna da babban rabo cikin abin da kunne yake ji.

An haifi Clarence Leonidas Fender ran 10 ga watan Agusta, 1909, a gonar lemo ta iyayensa da ke tsakanin garuruwan Anaheim da Fullerton, a Jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka. Yana ɗan shekara 8 ya rasa idonsa na hagu saboda wani ƙari da ya fito masa. Tun yana yaro sha'awar rediyo ta kama shi, bayan ya ga wadda wani kawunsa ya harhaɗa da hannunsa. Amma da ya gama sakandare cikin 1928, ilmin akanta ya karanta a kwalejin Fullerton, aikin lantarki kuwa da kansa ya koya, ba a gaban wani malami ba.

Ya yi aikin akanta a ma'aikatar hanyoyi ta Jihar Kaliforniya, sa'an nan tsananin tattalin arziki na shekarun 1930 ya raba shi da aikin. Cikin 1938 ya ranci dala 600, ya koma Fullerton tare da matarsa Esther, ya buɗe shagon gyaran rediyo mai suna Fender Radio Service. Nan makaɗa suka riƙa zuwa masa da kayansu da suka lalace, wasu kuma suna hayar lasifikokin da ya ƙera don wuraren rawa. Kukansu guda ne: idan an haɗu da ganguna da kayan busa a babban ɗaki, ba a jin jita. Makaɗin da ba a jinsa kuwa ba ya daɗewa a bakin aikinsa.

Cikin 1945 ya yi tarayya da wani mai suna Doc Kauffman suka kafa kamfanin K&F. Da Kauffman ya janye cikin 1946, Fender ya ci gaba shi kaɗai da sunan Fender Electric Instrument Company. Daga wannan kamfani ne jitar Telecaster ta fito, wadda ta sami wannan suna cikin 1951, da jitar bes mai suna Precision a wannan shekara, da kuma Stratocaster cikin 1954. Waɗannan su ne suka fi yi masa suna, amma akwatunan ƙara sautinsa ba su gaza su muhimmanci ba.

Domin a gane abin da ya yi, wajibi ne a san yadda lasifika take aiki. A cikinta akwai wata takarda mai siffar mazurari, wadda maganaɗisu da wutar lantarki suke turawa gaba da baya. Sa'ad da ta matsa iska ta gaba, a daidai lokacin tana janye iska ta baya. Idan babu abin da ya raba gaban da bayan, iskar nan biyu za su haɗu su kashe juna, musamman a sauti mai kauri, har muryar ta zama siririya. Don haka ne ake ɗaure lasifika a jikin wani allo na katako, a sa allon a gaban akwati. Yadda ƙwaryar garaya take ba tsirkiya murya, haka akwati yake yi wa lasifika.

Akwatunan da Fender ya ƙera daga 1948 zuwa ƙarshen shekarun 1950, waɗanda aka lulluɓe da wani yadi mai ruwan ɗorawa irin na akwatin tafiya, suna da siffofi uku. Na farko, an yi jikinsu da katakon itacen fain marar nauyi, aka sarƙe kusurwoyinsa kamar yatsun hannu biyu. Na biyu, allon gaban siriri ne, kuma da 'yan ƙusoshi masu zare aka kama shi, ba a liƙe shi da gam ba, saboda haka yana girgiza tare da lasifikar, yana ƙara wa sautin nasa launi. Na uku, bayan akwatin a buɗe yake. Wannan yana rage kaurin sauti kaɗan, amma yana bar shi ya fita ta gaba da ta baya, ya bugi bango ya dawo, ya cika ɗaki, har mai ganga da ke zaune a baya ya ji abin da mai jita yake yi. Har ila yau buɗaɗɗen bayan yana ba kwalaben da ke cikin na'urar iska, don suna zafi ƙwarai.

Ta bayan allon ake ɗaura lasifika a waɗannan akwatuna, ta yadda kaurin katakon yake zama kamar ɗan gajeren rami a gabanta. Wasu maƙera na baya sun gwammace su ɗaura ta ta gaba, domin ya fi sauƙin cirewa idan ta lalace. Makaɗa suna gardama a kan wanne ya fi daɗin ji, amma bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu bai kai wanda ke tsakanin buɗaɗɗen akwati da rufaffe ba.

Akwatin da ya fi nuna basirarsa shi ne Bassman, wanda ya fitar cikin 1952 domin jitar bes, da lasifika guda mai faɗin inci 15. Wajen tsakiyar shekarun 1950 ya sāke shi, ya sa lasifikoki 4 na kamfanin Jensen, kowace inci 10, cikin akwati mai buɗaɗɗen baya. Ga masu bes, akwatin bai riƙe sauti mai kauri yadda suke so ba. Amma masu jita da masu busa hamonika suka same shi daidai da bukatarsu, suka rungume shi, har ya zama ɗaya daga cikin akwatunan da aka fi kwaikwayo a duniya.

Da wuraren wasa suka ƙara girma, matsalar ta sāke kama. Wani makaɗi mai suna Dick Dale, wanda yake tara dubban matasa a ɗakin rawa na Rendezvous da ke Balboa, ya riƙa ƙona lasifikoki saboda ƙarfin kiɗansa. Amsar Fender ita ce Showman, cikin 1960. Ya raba na'urar da akwatin lasifika, ya ɗora ta a kansa, ya rufe bayan akwatin, ya sa lasifikar kamfanin JBL mai ƙarfi. Iskar da aka kulle cikin rufaffen akwati tana tare takardar lasifikar kamar matashi, sai sautin ya yi kauri, ya tsaya cak, ya nufi gaba sosai. Bugu da ƙari, ya ɗaura lasifikar a kan wani zobe na ƙarfe a jikin allo na ciki, ya bar rata tsakaninsa da allon waje, domin iskar baya ta fito ta gefen lasifikar ta ƙarfafa ta gaba. Wannan tsari yana da wuyar ƙira da tsada, daga baya kamfanin ya bar shi.

Babbar shaida a kan muhimmancin akwati daga Ingila ta zo. Cikin 1962 Jim Marshall, mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell ta birnin Landan, ya fitar da na'urarsa ta farko, JTM45, wadda tsarin lantarkinta ya bi na Bassman kusan ƙafa da ƙafa. Amma ya haɗa ta da rufaffen akwati mai lasifikoki 4 na kamfanin Celestion, kowace inci 12. Ko da yake akwai bambanci a wasu kayan cikin, akwatin da lasifikokin suna cikin manyan dalilan da suka sa muryar Marshall ta fita dabam, mai kauri da gurnani, wadda makaɗan rok na Ingila suka shahara da ita.

A watan Janairu na 1965 Fender ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13, a lokacin yana fama da wata doguwar rashin lafiya. Da ya warke bai zauna ba. Cikin shekarun 1970 ya shiga kamfanin Music Man, daga bisani kuma ya kafa G&L tare da tsohon abokin aikinsa George Fullerton. An san shi da sauƙin kai da rashin son taro, aljihun rigarsa cike da alƙaluma da ƙananan sukuddireba. Hanyar aikinsa ba ta canza ba tun daga shagon rediyo: ya ba makaɗi kaya ya tafi da su wurin wasa, ya saurari ƙorafinsa idan ya dawo, ya gyara.

Ciwon karkarwa, watau Parkinson, ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa, amma ya ci gaba da zuwa wurin aiki har kusan ranar mutuwarsa. Ya rasu a Fullerton ran 21 ga watan Maris, 1991, yana da shekara 81. Cikin 1992 aka sa sunansa a zauren girmama mashahuran kiɗan rok na Amurka, cikin 2009 kuma aka ba shi lambar Grammy ta fasaha. Har yau masu ƙera akwatunan jita suna zaɓe ne tsakanin hanyoyi biyun nan da ya yi aiki da su, buɗaɗɗen baya mai cika ɗaki da rufaffen baya mai tura sauti gaba.