Tarihin Oldfield Thomas, Baturen Da Ya Raɗa Wa Raƙumin Dawan Ƙasarmu Suna

Manoman Zango da sauran ƙasar Daura sun san ɓeran daji mai tone irin gero a gona, sun san kyanwar daji mai ɗauke kaji da dare. Amma kaɗan ne suka san cewa waɗannan dabbobi suna da sunaye a littattafan masana na duniya, har waɗansu sunayen suna ɗauke da kalmar Hausa a cikinsu. Wanda ya raɗa su wani Bature ne mutumin Ingila, ana ce da shi Michael Rogers Oldfield Thomas, wanda ya shafe shekara hamsin yana nazarin fatu da ƙasusuwan dabbobi a birnin Landan.

An haife shi ran 21 ga watan Fabrairu, 1858, a ƙauyen Millbrook a ƙasar Ingila. Ubansa limamin coci ne, ya kuma yi aiki a Afirka ta Kudu, don haka yaron ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a can. Bayan ya yi karatu a makarantar Haileybury, sai ya kama aikin akawu a babban gidan adana kayan tarihi na Biritaniya cikin 1876, yana da shekara 18. A lokacin nan yakan halarci darussan shehun malami Thomas Huxley, abokin Charles Darwin, inda ya koyi yadda ake gwada ƙirar jikin wata dabba da ta wata don a gane dangantakarsu. Cikin 1878 aka mai da shi sashen nazarin dabbobi, shugaban sashen, Albert Günther, ya danƙa masa kula da dabbobi masu shayarwa. Bai bar wannan fanni ba har ƙarshen ransa.

Babban littafinsa na farko ya fito cikin 1888, a kan dabbobin da ke goyon 'ya'yansu cikin jaka, irin su kangaru ta Ostareliya. Cikin 1891 ya auri Mary Kane Clark, 'yar wani shahararren likita, Sir Andrew Clark. Matar ta gaji dukiya, da ita kuwa suka riƙa ɗaukar nauyin mafarauta da matafiya da ke tura masa fatu da ƙoƙunan kai daga Afirka da Asiya da Amurka ta Kudu. Kowace fata ta iso, sai a duba takardar da ke ɗaure da ita, mai nuna inda aka kama dabbar da ranar da aka kama ta. Sa'an nan shi kuma ya auna tsawon ƙoƙon kai, ya ƙirga haƙora, ya gwada da na sauran da ke cikin akwatuna. In ya ga bambancin da ya isa, sai ya raɗa sabon suna da harshen Latin. Ta haka ya bayyana dabbobi wajen 2,000, ya rubuta maƙaloli fiye da 1,000. Cikin 1901 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila.

Hulɗarsa da ƙasar nan ta fara ƙarfi cikin 1898. A shekarar ce ya yi nazarin ƙoƙon kai da ƙasusuwan ƙafa na wani raƙumin dawa da aka harbe a yankin Lokoja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ya ga ya bambanta da waɗanda aka sani daga gabashi da kudancin Afirka, sai ya keɓe shi reshe na dabam, ya sa masa suna peralta, watau mai tsananin tsawo. A zamanin nan wannan dabba tana yawo ko'ina cikin dazuzzukan Sahel, tun daga Sanagal har zuwa wajen Tafkin Chadi, har da arewacin Nijeriya.

Bayan yaƙin duniya na farko, wani soja mutumin Sikotilan, Kyaftin Angus Buchanan, ya zo Kano a ƙarshen 1919 da kuɗin attajiri Lord Rothschild. Ya tara tsuntsaye da ƙananan dabbobi a Fanisau, kana ya bi ta Damagaram zuwa Agadas da duwatsun Azbin cikin 1920. Thomas da abokin aikinsa Martin Hinton su ne suka yi nazarin yawancin dabbobi masu shayarwa da ya kawo. Wani ɗan mitsitsin ɓera na Fanisau suka kira shi Mus haussa, watau ɓeran Hausa. Wani ɓeran yashi mai doguwar wutsiya, wanda ke ɓarna a gonakin gero, suka kira shi Gerbillus nigeriae. Kyanwar daji ta Damagaram kuwa suka ce da ita Felis haussa. Ƙasar Zango tana tsakanin Kano da Damagaram ne, a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, yashinta da gonakinta irin waɗanda waɗannan dabbobi ke zama a ciki ne.

Thomas ya yi ritaya cikin 1923, amma bai daina zuwa wurin aiki ba. Rasuwar matarsa cikin 1928 ta karya masa zuciya ƙwarai. Ran 16 ga watan Yuni, 1929, ya kashe kansa da bindiga, yana da shekara 71.

Darajar aikinsa ba ta fito sosai ba sai bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa. Farauta da sare daji don noma da itacen wuta, da kuma farin shekarun 1970 da 1980, suka ƙarar da raƙumin dawan nan daga Sanagal da Mali da Nijeriya. Cikin 1996 guda 49 kacal aka ƙirga, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Duk da haka mutane da yawa ba su ɗauki abin da zafi ba, domin ana zaton irinsu ne ke Chadi da arewacin Kamaru da gidajen namun daji na Faransa.

Masana na zamanin yau suna da abin da Thomas bai samu ba, watau binciken ƙwayoyin gado da ke cikin jini da fata da ƙashi, waɗanda ɗa ke gada daga iyaye. Da su ake gane yadda zuriya ta rarrabu da kuma wa ya fi kusa da wa. Binciken da aka buga cikin 2007 ya nuna cewa na Chadi da Kamaru da na Faransa reshen Kordofan ne, ba peralta ba. Har ma ya nuna cewa na Nijar ya fi kusanci da na gabashin Afirka bisa ga maƙwabcinsa na Chadi. Ashe garken Kure shi kaɗai ya rage a duniya na reshen da Thomas ya keɓe. Cikin 2008 aka sa shi a jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Gwamnatin Nijar da mutanen ƙauyuka suka tsare shi, har yawansa ya haura 600 cikin 2017. Cikin 2018 aka ɗebi guda 8 aka kai su gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, don kada annoba ɗaya ta shafe su baki ɗaya. Sauran abin tsoro shi ne abin da kowane makiyayi ya sani: garken da ya fito daga iyaye 'yan kaɗan, barbara tana komawa tsakanin 'yan uwa, zuriya takan yi rauni.

Ba duk sunayensa ne suka tsaya ba. Kyanwar Damagaram an mai da ita cikin sauran kyanwar daji ta Afirka, amma sunayen ɓerayen nan biyu suna nan. Irin wannan gardama ana yin ta a wasu nahiyoyi ma. Akwai wata dabba da ake kira tapir, dangin doki da karkanda, mai ɗan guntun hanci kamar na giwa. Iri huɗu gare ta, uku a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ɗaya a kudu maso gabashin Asiya, uku daga cikinsu kuwa suna fuskantar ƙarewa. Cikin 2013 waɗansu masana a Barazil suka ba da sanarwar iri na biyar, amma da yawa daga 'yan uwansu suka ce ƙwayoyin gado ba su tabbatar da haka ba. Hukuncin irin wannan gardama shi ke nuna inda za a kashe kuɗin tsaro da garken da za a fara ceto.

Fatu da ƙasusuwan da Thomas ya jera suna nan ajiye a Landan, masana suna komawa gare su duk lokacin da aka yi shakkar wani suna. Raƙumin dawan da aka raɗa wa suna daga ƙasar Nijeriya kuwa, yau wanda ke son ganin garkensa sai ya ƙetara iyaka zuwa Nijar.