Tuna Baya: Malam Mikaila, Babban Gwanin Zazzau

Jama'a masu karatu, a wannan fitowa filinmu ya waiwayi wani bawan Allah da bai yi sarautar gari ba, bai ja rundunar yaƙi ba, amma sunansa ya ƙi ɓacewa. Shi ne Malam Mikaila, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, maginin da aka fi sani da Babban Gwani.

Ya yi zamani da Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, lokacin da ƙasar Jama'a ke cikin masu bin Zazzau. A zamanin wannan sarki ne ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya. Babu siminti, babu rodi. Tubali ne da ƙasar gini da azarar giginya. Yakan jera azara yana ɗaurewa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama su zama bakan gizo, sannan a yaɓe, a ɗora tulluwa. Da haka ya rufe fili mai faɗi, ginin kuma ya yi sama da shekara 100 ana salla a cikinsa.

Shi ne kuma ake danganta wa Gidan Madaki da ke Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, na wajen 1860, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Labarin baka ya ce a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa, wai sarkin da ya gina wa fada ne ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani wadda ta fi ta.

Mutanen dā sun san darajar mai sana'a. Laƙabin Babban Gwani shi ne lambar yabonsa, har wata unguwa a birnin Zariya ta ci sunan. To amma yabo bai hana rushewa ba. A shekarun 1970 aka yi sabon masallaci na siminti, wani sashe na tsohon ne kawai ya tsira, a cikin sabon. Mai son ganin siffarsa sai ya leƙa gidan tarihi na Jos, inda aka gina kwatankwacinsa. Can a Nijar kuwa, masallacin ƙasa na garin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986, ya fito da ginin Bahaushe a idon duniya.

Mu fa a nan Kafanchan? Garin ya bunƙasa ne da zuwan jirgin ƙasa a shekarun 1920, kuma zaurukan da iyayenmu suka gina da gidajen reluwe su ne shaidar wancan zamani. Ginin ƙasa kuwa kulawa yake so. In damina ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, azara sai ta ruɓe, soro ya rufta. Saboda haka muna ganin duk maigidan da ya riƙe zauren mahaifinsa, da maginin da ya gyara masa, sun cancanci a kira sunansu a taron shekara a yaba musu tun suna raye.

Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya kyauta namu ƙarshe, amin.