Isa Kaita

Alhaji Isa Kaita (1912 – Nuwamba 1994) malamin makaranta ne kuma ɗan siyasa daga Katsina. Ya riƙe sarautar Madawakin Katsina, daga baya ya zama Wazirin Katsina. An fi saninsa da muƙamin Ministan Ilimi na Jihar Arewa, wanda ya riƙe daga 1957 zuwa 1966.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a gidan sarauta, mahaifinsa shi ne Waziri Haruna. Ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa su ma suka yi karatu, sannan ya koyar a makarantar Midil ta Katsina. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a gidan rediyo a Accra tare da Bello Dandago, suna karanta labaran yaƙi da Hausa. Bayan dawowarsa ya yi aiki da Sarkin Katsina Usman Nagogo, kuma ya ƙaro ilimin sha'anin mulki a Exeter ta ƙasar Ingila.

Siyasa da ilimi

Yana cikin jagororin farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa (NPC). An zaɓe shi ɗan Majalisar Dokokin Arewa a 1951, ya zama minista a 1954.

Ya karɓi ma'aikatar ilimi ana dab da miƙa mulki. Arewa ta sami mulkin kai a ranar 15 ga Maris 1959, kuma a zaɓen tarayya na Disambar shekarar kowane baligi namiji ya sami damar jefa ƙuri'a. Yawancin masu zaɓe ba su iya karatun boko ba, sai da alama suke gane jam'iyya, kamar fartanyar NPC. 'Yan Arewa da za su gaji kujerun Turawa a ofisoshi ma ba su da yawa. Saboda haka babban aikin ma'aikatarsa shi ne horar da malamai da shirya matasan da za su riƙe ƙasa su kuma san haƙƙinsu a cikinta.

A zamaninsa aka yi Dokar Ilimi ta Arewa ta 1962, wadda ta tsara haɗin gwiwar gwamnati da hukumomin En'e da ƙungiyoyin sa-kai wajen tafiyar da makarantun firamare. A shekarar ce kuma aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ya bar muƙamin bayan juyin mulkin 15 ga Janairu 1966.

Ƙarshen rayuwa

A mulkin Shehu Shagari ya shugabanci Hukumar Kula da Ɗa'ar Ma'aikata, mai karɓar bayanan kadarorin masu riƙe da muƙaman gwamnati. Ya rasu a watan Nuwamba 1994. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, tana ɗauke da sunansa.