Tarihi: Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kontagora da ya gwabza da Turawa

Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na uku, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Mahaifinsa Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa garin Kontagora a 1864. Ibrahim ya gaji ɗan'uwansa Abubakar Modibbo a 1880.

Ƙasar da ya gada da takobi aka same ta, da takobin kuma ya faɗaɗa ta. Shekara ashirin yana kai yaƙi ƙasashen Gwari, Kambari, Kamuku da Dakarkari, yana kame bayi, har garuruwa da dama suka zama kufai, mazauna wasu kuwa suka ƙaura kan duwatsu. Masu yabon jarumtarsa kan tsallake wannan babi, alhali zuriyar waɗanda abin ya shafa suna nan a Jihar Neja da maƙwabtanta.

A 1900 Lugga ya ayyana mulkin Ingila a kan Arewa, aka girke sojoji a Wushishi, garin da Nagwamatsawa ke ɗauka nasu ne. Ibrahim da Etsu Nupe Abubakar suka ƙi amincewa. A watan Janairun 1901 rundunar Kanar Kemball ta auka wa Kontagora. Dawakin Sarkin Sudan ba su iya da bindigogin zamani ba, garin ya faɗi, Bida ta biyo baya a watan Fabrairu.

Ibrahim ya yi arewa da jama'arsa, ya sauka ƙasar Zazzau. Zamansa ya takura wa Sarki Kwasau har ya nemi agajin Turawa, ƙofar da suka bi ke nan suka shiga Zariya. An kama Ibrahim a 1902, aka kai shi Lakwaja, daga baya Yola.

Lugga, wanda ya tsiɓe shi, shi ne kuma ya mayar da shi gadon sarauta a 1903 bayan cin Sakkwato, domin mulkin Turawa ta hannun sarakuna na bukatar wanda ake jin maganarsa. Sai dai ƙasar da aka miƙa masa ba ta kai ta dā ba, babu kuma sauran damar kai hari. Ya ƙara shekara 26 a kan mulki, ya rasu a 1929, ɗansa Umaru Maidubu ya gaje shi.