Frederick Banting: Likitan da ya rasa marasa lafiya, ya gano insulin

Kullum kana cin karo da tallan shayin rage tumbi a TikTok, ko? Kafin ka tura kuɗinka, bari in ba ka labarin mutumin da aikinsa ya haska mana yadda jiki ke sarrafa abinci.

An haifi Frederick Banting ranar 14 ga Nuwamba 1891 a Alliston, ƙasar Kanada. Ya karanci likitanci a Jami'ar Toronto, ya yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya har aka raunata shi a 1918. Da ya buɗe asibitinsa a 1920, kasuwa ta ƙi, sai zaman jiran marasa lafiya.

A wancan zamani, yaron da ciwon sukari ya kama sai dai addu'a. Zai yi ta ramewa ko da yana ci, don jikinsa ya daina samar da insulin, wani homon da ke fitowa daga fankiriyas, gaɓar da ke bayan ciki. Insulin ne ke shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki, shi ne kuma ke sa jiki ya adana kitse. In babu shi, jiki sai ya koma cin kitsensa da tsokarsa.

A 1921 Banting da wani ɗalibi, Charles Best, suka fara gwaji kan karnuka a ɗakin binciken Farfesa John Macleod. James Collip ya tace sinadarin. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar, ya kuwa farfaɗo.

A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel. Banting ya fusata da aka bar Best, ya raba kuɗinsa biyu da shi. Haƙƙin mallakar maganin kuwa, dala ɗaɗɗaya suka karɓa suka miƙa wa jami'a. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1941, kuma ranar haihuwarsa ce yanzu Ranar Ciwon Sukari ta Duniya.

To ka gani, ba kowace rama ce abin murna ba. In kana ramewa haka kawai, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, kada ka ce shayi ne ya yi aiki. Je asibiti a auna maka sukari.