Abdulkarim Barth: Baƙon Da Ya Ratsa Karkarar Katsina Da Littafi A Aljihu

Duk shekara, daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afirilu, hotunan furen sakura na ƙasar Japan kan cika wayoyinmu. Za ka ga jama'a sun fito daga birane, kowa da 'yar jakarsa a baya, suna takawa cikin ƙauyuka don kallon furen da bai wuce mako biyu a kan bishiya. Mu ma nan muna da namu. Daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara gurjiya takan yi ja, kaɗanya ta cika gona da ƙamshi, ɗorawa ta sako jajayen furanninta suna reto kamar tuntun hula. Abin mamaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara rubuta wa duniya kyan karkarar Katsina baƙo ne daga Jamus. Sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasar Hausa da Abdulkarim aka san shi.

An haife shi a birnin Hambug ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Balin, ya samu digirin dakta a 1844, kuma tun yana saurayi ya ɗora wa kansa koyon Larabci. Daga 1845 zuwa 1847 ya zagaye gaɓar tekun Bahar Rum, har 'yan fashi suka raunata shi a kusa da iyakar Masar. Wani da ya ajiye tafiya daga nan. Shi ko gogan naka, da gwamnatin Ingila ta shirya ayarin da zai ƙetare Sahara don neman hanyoyin ciniki, sai ya shiga. A watan Maris 1850 suka bar Tarabulus su uku: shugabansu James Richardson, da Adolf Overweg, da shi.

Tun a hamada ya kusa baƙuntar lahira. Ya hau wani dutse shi kaɗai a kusa da garin Gat, ya ɓata, ruwansa ya ƙare, har ta kai ya tsaga jijiyar hannunsa ya tsotsi jininsa kafin wani Buzu ya tsince shi. Ya warke, ya leƙa Agadas, ya ci gaba da koyon Hausa a bakin fataken ayari da barorinsa.

A Janairu 1851 ya iso Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Bello. Ba a bar shi ya wuce salin-alin ba, sai da aka yi kwanaki ana ja-in-ja a kan kyautar da zai bayar. Ya tarar da ganuwa makekiya amma gari ya zama kango-kango, mutanen ciki ba su wuce 8,000 ba a ƙiyasinsa, domin ciniki ya koma Kano bayan jihadi. Duk da haka ya yaba wa Hausar Katsinawa, yana ganin ta fi ta ko'ina tsabta da daɗin furuci.

To, a nan ne abin da ya fi shafarmu yake. Daga Katsina ya bi ta Kusada ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851. Yawanci a kan doki yake, amma tafiya ce ta a-hankali, daidai da takun raƙuma da takarkarai, da agogo da na'urar nuna alƙibla a hannu. Duk inda hanya ta karkata sai ya rubuta. Ya rubuta gonakin auduga da na taba, garkunan shanu, mata masu talla a gindin inuwa, da bishiyoyin da aka bari tsaye a tsakiyar gonaki: tsamiya, kuka, ɗorawa, rimi. Ba ya wuce bishiya bai tambayi sunanta na Hausa da amfaninta ba. A ganinsa lardin Katsina na cikin mafi kyau a duk ƙasashen da ya ratsa. A Kano kuma ya ƙiyasta mazauna 30,000, ya lissafa cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can na jawo aƙalla wuri miliyan 300 a shekara.

Daga nan sai mutuwa ta fara bin ayarin. Richardson ya rasu a Maris 1851 kafin ya kai Kukawa. Barth ya gangara Yola, ya ƙetare kogin Binuwai a watan Yuni. Ya kuma bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu, inda ya ga yadda ake kama bayi ana yanka mazaje, ya rubuta bai ɓoye ba. A Satumba 1852 Overweg ma ya rasu a bakin tafkin Chadi, ya rage shi kaɗai.

Maimakon ya juya gida, sai ya nufi yamma. Ya sake sauka Katsina a Fabrairu 1853, ya tashi a Maris, tsakiyar bazara, lokacin da Gobirawa da Maraɗawa ke kai hari a hanyar Sakkwato. Dajin Gundumi sai da suka yi awa 26 suna tafiya ba hutu saboda tsoro. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya karanta Infaƙul Maisur na Muhammadu Bello, a Gwandu kuma ya samu littafin Tarihus Sudan ya kwafi sassansa. Da irin waɗannan littattafai ya nuna wa Turawan zamaninsa cewa wannan ƙasa tana da rubutaccen tarihi da malamai. Ranar 7 ga Satumba, 1853 ya shiga Tambutu, bayan ya yi shigar Balarabe a hanya don tsira da rai. Shehu Ahmad al-Bakkay ne ya kare shi tsawon watanni. A Turai har an sanar da mutuwarsa, sai ga shi a Landan a Satumba 1855, bayan tafiyar sama da kilomita 15,000.

Ya taho da samari biyu, Dorugu da Abbega, waɗanda Overweg ya 'yanta. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, kuma labaransa ne ƙashin bayan littafin Magana Hausa da Schön ya buga a 1885. Shi kuwa Barth ya fitar da nasa cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858. Littafin bai yi kasuwa sosai ba, don ya cika sunayen garuruwa da lissafi, masu karatu kuma labarin ban tsoro suke so. Ya koyar a Jami'ar Balin, bai yi aure ba, ya rasu ranar 25 ga Nuwamba, 1865 yana da shekara 44.

Kada mu mai da shi waliyyi. Da kuɗin Ingila ya yi tafiyar, kuma taswirar da baƙo ya zana ta fi amfanar wanda ya aiko shi. Shekara 52 bayan shigarsa Kano, sojojin Lugga suka ci birnin. Kowa ya bari wani ya auna masa gona, kada ya yi mamaki in an zo da takarda.

'Yan uwana ɗalibai, hanyar Barth ta bi ta arewa da mu ne, kuma Funtuwa ba ta zama babban gari ba sai da jirgin ƙasa da cinikin auduga suka zo. Amma irin gonakin da ya kwatanta su ne namu, daga Bakori zuwa Kafur, daga Danja zuwa Malumfashi. Tambayar ita ce, nawa suka rage? Duba buhunan gawayi a bakin titi. Ɗorawar da ke ba da kalwar daddawa tana shekaru kafin ta fara 'ya'ya, amma injin yanka katako yakan kwantar da ita kafin azahar. Gawon da ke takin gona kyauta ma bai tsira ba. Ga kuma rashin tsaro da ya hana manoman Faskari, Sabuwa da Dandume zuwa wasu gonakinsu.

Shawarata ga ƙungiyarmu ba mai tsada ba ce. A hutun bazara, kowane rukuni ya zaɓi hanya ɗaya mai aminci tsakanin ƙauye biyu, a nemi izinin mai unguwa, a taka da ƙafa. A ƙirga bishiyoyi, a rubuta sunayensu, a tambayi dattawa abin da ke wurin a da. 'Yan sashen noma su gane iri, 'yan safiyo su zana taswira, 'yan kwamfuta su adana. Barth da agogo da fensir ya yi nasa. Mu kowa na da waya mai kyamara da taswira. In muka fara bana, wanda zai zauna a kujerunmu nan da shekara 20 zai san ɗorawa nawa ke tsakanin Funtuwa da Bakori, kuma daga hannun 'yan ƙasa zai ji.